Annoba da Ranar Kasuwa: Tarihin Ƙananan Sana'o'i a Batsari da Safana, daga Sannu zuwa Korona

Duk wanda ya san Batsari ya san ranar Alhamis. Ita ce ranar da manomi ke kawo rogonsa da dankalinsa da 'yar tunkiyarsa, Bafillatana ta sauke ƙwaryar nono, ɗan koli ya baje kayansa, dillali ya shiga kara yana tafa hannu da mai saye. Abin da aka samu a wannan yini shi ake ci har wata Alhamis ɗin ta zagayo. Haka abin yake a kasuwannin ƙasar Safana, da Dutsin-Ma mai ci ranar Laraba, da Jibiya mai ci ranar Lahadi. Tattalin arzikin yammacin Katsina a kan ranakun kasuwa yake tsaye. Saboda haka mai son sanin abin da annoba ke yi wa ƙaramin ɗan kasuwa a wannan yanki, sai ya bi tarihi ya ga abin da kowace annoba ta yi wa abubuwa uku: dabba, da ƙarfin mutum, da hanyar zuwa kasuwa.

Asalin ƙasar: Ruma da bakin Rugu

Batsari da Safana suna gefen dajin Rugu, wanda ya miƙe daga yammacin Katsina ya shiga Zamfara. Masu ba da labarin baka suna cewa dajin ya samo sunansa ne daga wani jarumi mai suna Rugu da ya yi zamani a cikinsa. Wannan zance ne na kaka da kakanni. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, kafin jihadi ƙasar Ruma, wato wannan yanki, ƙasa ce mai garuruwa da gonaki da makiyaya, kuma fatake na ratsa ta tsakanin Birnin Katsina da Zamfara.

Da mutanen Shehu suka ci Katsina a wajajen 1807, sarautar Haɓe ta koma arewa ta kafu a Maraɗi. Daga nan yammacin Katsina ya zama bakin daga. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi mulki daga 1836 zuwa 1844, an yi tawaye a wannan yanki, aka murƙushe shi da ƙarfi. Bayan haka hare-haren Maraɗawa suka ci gaba shekara da shekaru. Garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji. Sai da yaƙe-yaƙen suka lafa, bayan zuwan Turawa a 1903, sannan jama'a suka sake bazuwa suna saran daji. Har yau hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa, na Safana kuwa Yariman Katsina.

Wannan asali ya bar wa yankin gado biyu. Ga ƙasa mai albarka da makiyaya mai faɗi, ga kuma zama a bakin daji da bakin iyaka, inda ciniki ke rayuwa idan hanya a buɗe take, ya mutu idan ta toshe.

1890: shekarar da shanu suka ƙare

Babbar annoba ta farko da ta girgiza dukiyar ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19 ta dabbobi ce. Cutar bushiya ta shigo Afirka a 1887 ta tashar Massawa da ke Eritiriya, a jikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Ta bi hanyoyin makiyaya da na fatake, ta iso ƙasar Barno da ƙasar Hausa a wajajen 1890 zuwa 1891. A wurare da yawa na Afirka ta kashe shanu takwas ko tara cikin kowane goma. Ana cewa sunan da aka ba ta a nan, wato Sannu, ya fito ne daga yawan jajen da ake yi wa masu garke, har kalmar ta zama sunan shekarar.

A ƙasa irin ta bakin Rugu, saniya ita ce banki. Da ita ake aure, da ita ake biyan bashi, ita ake sayarwa a tada jari. Ranar da garke ya faɗi, mutum nawa ne suka faɗi tare da shi? Mahauci ya rasa abin yanka. Majemi da baduku sun rasa ƙirgi. Mai fura ta rasa nono, mai man shanu ta rufe ƙwarya. Manomin da makiyayi ke zauna masa a gona da rani ya rasa taki. Makiyaya da yawa sun ajiye sanda sun kama fartanya, wasu sun yi ƙaura. Darasin wannan shekara shi ne, sana'o'in karkara a sarƙe suke kamar igiyar guga, in ta tsinke a wuri ɗaya, guga ya tafi rijiya.

1918: Marisuwa

Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, duniyar ciniki ta canja. Sarki Muhammadu Dikko ya hau gadon Katsina a 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kuɗin Bature suka fara ture wuri, haraji da jangali suka koma na tsabar kuɗi. An sha yunwar 1913 zuwa 1914, wadda wasu ke kira Kakalaba. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga murar da ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ta sauka Legas a watan Satumba na 1918 daga jirgin ruwa, ta hau layin dogo da koguna, kafin shekara ta ƙare ta mamaye Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum kusan 500,000 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Hausawa suka kira ta Marisuwa, kuma tsofaffi sun daɗe suna lissafin shekarun haihuwa da ita.

Illarta ga sana'a ta fi ƙarfi saboda dalili biyu. Na ɗaya, matasa majiya ƙarfi ta fi kayarwa, waɗanda su ne manoma da masaƙa da maƙera da 'yan dako. Na biyu, da kaka ta zo, lokacin girbin dawa da cinikin gyaɗa da biyan haraji. A wancan zamani sana'a gadon gida ce, uba ke koya wa ɗa. Idan maƙeri ya mutu ɗansa bai kai ba, maƙerar ta mutu tare da shi. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa a kudancin kogin Kwara ƙarancin ma'aikata da annobar ta haddasa ne ya sa jama'a suka rungumi noman rogo, domin ba ya cin aiki kamar doya. Mutumin Batsari ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan hikima. Ya san rogo na jira a ƙasa har mai shi ya samu sukuni.

Daga sanƙarau zuwa murar tsuntsaye

A cikin ƙarni na 20 cututtuka sun yi ta zuwa suna wucewa. Agana ta daɗe tana barin zane a fuskokin mutane har aka kawar da ita, aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980. Sanƙarau kuwa baƙon bazara ne. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa, har Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga aikin Hajji a shekarar.

Bushiya ma ta dawo a 1983, ta kashe shanu dubban ɗaruruwa, kuma ta zo daidai da fari da tsuke bakin aljihun gwamnati. A wannan lokaci an riga an keɓe makiyayar Ruma da Kukar Jangarai tun shekarun 1960, yankin ya cika da garkuna, don haka asarar ta taɓa kowa daga mai garke har mai tsire. Sai a 2011 aka sanar da kawar da cutar daga doron ƙasa.

A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta bayyana a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, ta bazu zuwa Kano da wasu jihohi. Gwamnati ta riƙa kashe kajin da ake zargi, da farko tana biyan diyyar Naira 250 a kan kowace kaza. A nan ne aka fara ganin wani salo da zai maimaita kansa. Mai babbar gona yana da adadi a rubuce, ana iya ƙirga asararsa a biya shi. Matar ƙauye mai kaji goma da zabi biyar, wadda da su take sayen sabulu da maganin yaro, farashi ya karye mata a kasuwa saboda tsoron da ya shiga mutane, kuma babu littafin da sunanta yake ciki.

2019: ana kukan targaɗe

Ba a fahimtar abin da korona ta yi wa Batsari da Safana sai an san halin da ta same su. Satar shanu da aka fara da ita a dajin Rugu ta riga ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane. Ƙauyuka sun fara watsewa, 'yan gudun hijira sun cika makarantu da gidajen 'yan'uwa a cikin garin Batsari. A watan Satumba na 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga sulhu da 'yan bindiga, sulhun bai yi ƙarko ba. Ranar 14 ga Fabrairu 2020 aka kashe mutum kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari.

Ta ɓangaren ciniki kuma, tun watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Jibiya ita ce ƙofar yankin zuwa Maraɗi, da aka rufe ta sai dabbobi da wake da sauran kayan da ke ƙetarawa suka koma bin ɓarauniyar hanya da tsada. A watan Fabrairu na 2020 harajin kayayyaki ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

2020: shekarar kulle

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba ranar 11 ga Maris. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu, Jihar Katsina ta rufe iyakokinta ta hana taruka. Hana sallar Juma'a ya jawo tarzoma a Kusada ranar 28 ga Maris, aka ƙone ofishin 'yan sanda. Ranar 30 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja.

A farkon Afrilu aka sanar da mutuwar wani likita a Daura, wanda shi ne na farko da aka tabbatar a jihar. Tsarin gwamnatin Katsina shi ne, duk ƙaramar hukumar da aka samu mai cutar a kulle ta. Aka fara da Daura, sai Dutsin-Ma, sai Katsina da Batagarawa, sai Jibiya da Mani, kafin ƙarshen watan aka kai ga Safana. Dubi taswira ka ga ma'anar wannan jeri. Katsina ce inda ɗan tireda ke saro kaya. Dutsin-Ma ce babbar kasuwar mutanen Safana. Jibiya ce ta dabbobi da hatsi. Ko garin da ba a kulle ba, an kulle masa duk ƙofofin da yake fita. Kano, uwar sari, tana kulle tun 16 ga Afrilu. Daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi baki ɗaya, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli.

'Yan bindiga kuwa babu dokar kullen da ta hau kansu. Ranar 18 ga Afrilu suka kai hare-hare a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa, 'yan sanda suka ce an kashe mutum 47. An ce wa talaka ya zauna a gida don tsira da ransa, alhali a gidan ake zuwa a same shi.

Lokacin da kullen ya faɗo ma ya ƙara masa nauyi. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, aka yi Ƙaramar Salla ranar 24 ga Mayu. Wannan wata shi ne kakar tela da mai yadi da mai takalma da mai lalle da mai ƙanƙara, abin da suke samu a cikinsa shi ke riƙe su rabin shekara. Kuma shi ne gab da faɗuwar damina, lokacin da manomi ke kai akuya ko buhun gero kasuwa ya sayo taki da iri. Da kasuwa ta ƙi ci, sai ya sayar a gida ga duk wanda ya taya, a farashin da mai saye ya ga dama. Motocin da ke ɗaukar dabbobi zuwa Kudu suka ragu, waɗanda suka fita kuma kuɗin da ake kashewa a shingaye ya ninka. Dabba ta yi arha a hannun mai kiwo, abinci ya yi tsada a hannun mai awo.

Akwai kuma kuɗin ci-rani. Matasan yankin da ke acaba da dako da sayar da ruwa da gadi a Legas da Abuja da sauran birane, su ne ke turo abin cefane da kuɗin taki. Kulle ya tsayar da aikinsu, da yawa suka dawo gida hannu rabbana, masu aikowa suka zama masu jiran a ba su. Makarantu sun kasance a rufe har wajen Oktoba, jami'o'i kuwa yajin aikin malamai ya riƙe su har Disamba, don haka masu abinci da masu ɗakunan haya da 'yan acaban da ke rayuwa da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka yi zaman dirshan. Bukukuwa sun taƙaita, makaɗa da masu hayar kujeru da masu tuyar biki suka ji a jikinsu. Hajjin 2020 ma ba a je ba.

Yadda ƙaramar sana'a ke mutuwa ba ta da hayaniya. Mai shayi ko mai ƙosai jarinsa da abincin gidansa a aljihu ɗaya suke. Ya yi kwana uku bai fita ba, sai ya taɓa uwar kuɗi. Ya yi mako biyu, jari ya tafi tukunya. Adashin da zai ɗauka ya farfaɗo ya tsaya, domin masu zubi duk halinsu ɗaya. Mai shagon da ke ba shi kaya bashi shi ma ana bin sa a Katsina ko Kano. Ranar da aka buɗe gari, tebur na nan, tukunya na nan, abin ɗorawa ne babu. Mata masu sana'ar cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da daddawa da awara da fura, su abin ya fi yi wa illa, domin cinikinsu ya dogara da yaran talla da taron jama'a, kuma duka biyun aka hana.

Tallafin da ya tsaya a hanya

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A watan Maris na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware Naira biliyan 50 don bai wa magidanta da ƙananan masana'antu rance ta bankin NIRSAL. A watan Yuni aka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3, a cikinsa akwai asusun Naira biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i, wanda ya tanadi Naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da masu sufuri, da rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000. A Disamba Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES da jihohi ke gudanarwa.

Matsalar tana wajen ƙofar shiga. A lokacin ana cika takardun ne ta intanet, ana neman asusun banki da lambar BVN, wani tallafin ma sai mai rajista da ma'aikata a rubuce. Wanda ke birni, mai boko da babbar waya, ya cika ya samu. Mai gyaran fartanya a Wagini ta Batsari ko mai nono a Runka ta Safana ko labarin bai kai gare su ba, in ma ya kai, sai sun nemi wanda zai cika musu, shi ma da rabonsa. Abin da ya faru da mai kaji goma a 2006 shi ya sake faruwa. Waɗanda suka miƙe, akasari da taimakon dangi suka miƙe, da bashin amana, da sayar da 'yar dabbar da ɓarayi suka rage.

Alƙaluman ƙasa sun nuna girman ɓarnar. Tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a watanni uku na biyu na 2020, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 a Disamba. Ƙidayar hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da Hukumar Ƙididdiga ta nuna ƙananan sana'o'i miliyan 41.5 a 2017, ta gaba ta nuna sun koma miliyan 39.6. Mutanen da aka tabbatar cutar ta kashe a duk faɗin ƙasar kuwa sun ɗan haura 3,000. Marisuwa masu sana'a ta kashe. Korona ta bar mafi yawansu da rai, ta cinye jarinsu.

Bayan korona: kullen da bai ƙare ba

An buɗe wasu iyakoki a Disamba 2020, amma ta Jibiya sai Afrilu 2022. Allurar rigakafi ta iso a Maris 2021, a shekarar kuma kwalara ta kashe mutane a Najeriya fiye da waɗanda aka rubuta wa korona. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Katsina ta ɗauko makamin kulle ta juya shi kan 'yan bindiga. Ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka da jigilar itace daga daji, aka katse layukan waya na tsawon watanni. Dillalai da mahauta da 'yan bumburutu da masu cajin waya da masu POS suka sake komawa zaman gida. A farkon 2023 canjin kuɗi ya ƙafar da tsaba a kasuwannin da ba su san ciniki da waya ba. A watan Mayu aka cire tallafin fetur, bayan juyin mulkin Nijar na Yuli aka sake rufe iyaka har Maris 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen dokar ta-ɓacin korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma ɗan kasuwar bakin Rugu bai ga ranar da za a ce an sallame shi ba.

A watan Mayun 2023 ɗin ne aka rantsar da Malam Dikko Umaru Raɗɗa a matsayin gwamna, mutumin da ya shugabanci SMEDAN a shekarun annobar, kuma ya kafa wa jihar hukumar bunƙasa sana'o'i ta KASEDA. Ke nan Katsina ba ta rasa wanda ya san matsalar ba.

Shekara 130 na tarihin nan abu ɗaya suke faɗa. Annoba za ta sake zuwa, ta mutane ko ta dabbobi, kuma wanda za ta fara kayarwa shi ne mai hannu baka hannu ƙwarya. Aikin da ya kamata a yi, yanzu ne lokacinsa, tun ana lafiya. A bi kasuwa kasuwa ta hannun sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a da uwayen adashi, a rubuta kowa da abin da yake yi, mata da maza. A tanadi hanyar da kasuwar abinci da ta dabbobi za su ci ko ana cikin annoba, da tazara da ruwan wanke hannu da rage cunkoso. A tsare hanyoyin da ke kai mutane Batsari da Safana da Dutsin-Ma da Jibiya. Duk hukumar da za ta sake cewa a rufe kasuwar Alhamis, ta fara tanadar abin da mutane za su ci ranar Juma'a.